Fuskarsa da Sunana

Ni dai tun da nake ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, in ban da sau ɗaya, shi ma ɗaga ni aka yi. Gajere ne ni, ga ciwon ƙirji tun ina yaro. In na hau bene hawa biyu sai na dafa bango na huta. Amma da za ka je kulob ɗin da ke kusa da unguwarmu a nan Jidda, ka sa su buɗe maka tsofaffin littattafansu, za ka tarar ni ne gwanin ƙwallon kwando da ba su taɓa yin kamarsa ba. Ni na ɗauko musu kofi ɗaya tilo da suke taƙama da shi, kuma ni na karya wa alƙalin wasa muƙamuƙi a gaban jama'a. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina ɗauke da kayan nan biyu, alhali ko ɗaya ban aikata ba.

Aminina ne ya aikata. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasu a unguwar Mahjar, wata uku ne tsakanin haihuwata da tasa, kuma a kwano ɗaya muka ci abinci har muka yi gemu. Abu ɗaya ya raba mu, takarda. Kakana da ƙafa ya iso ƙasar nan ta Sudan tun da daɗewa, ya samu shaidar zama ɗan ƙasa, mu muka gada ba da wahalarmu ba. Shi kuwa mahaifiyarsa umra ta zo da cikinsa, mijinta ya rasu a nan, ta ga ba abin da za ta koma ta tarar, ta zauna. A Jidda aka yanke masa cibiya, Larabcin Hijaz ya fi daɗi a bakinsa fiye da nawa, amma ko iƙama, takardar izinin zaman baƙi, ba shi da ita. A wajen hukuma ba a ma haife shi ba.

Allah da ya hana shi takarda sai ya ba shi tsawo. Tun bai kai ashirin ba sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidansu. A bayan wani sito a unguwar Waziriyya akwai fili inda 'yan Filifin masu aikin gareji suka walda zoben ƙarfe a jikin falwaya, suna wasa bayan la'asar. A wajensu ya koya. Ni nawa zama ne a kan tsohuwar taya da kofin dafaffen waken balila a hannu, ina masa tsiya in ya ɓarar. Cikin shekara ɗaya na rasa abin yi wa tsiya.

Wata rana wani Balarabe mai tumbi ya tsayar da mota ya zuba masa ido. Kwana uku yana zuwa. A na ukun ya ce shi ne kocin kulob, aminina ya zo gobe da katinsa na ɗan ƙasa a yi masa rajista. Aminina ya ce insha Allah, bai je ba. Koci ya dawo ya same mu, ya dubi fuskarsa sau ɗaya ya gane komai, don ba yau ya fara ganin irin wannan ba. Sai ya juyo gare ni.

"Kai fa, kana wasa?"

Na ce ya dube ni da kyau.

Ya ce, "To katinka me yake yi maka a aljihu?"

A lokacin haka ake yi, kuma ba mu kaɗai ba. Babu kwamfuta, babu ɗaukar hoton yatsa. A kwafi katin wani, a manna hoton wani a katin wasa, a buga hatimi, halas, wato shi ke nan. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na zaro katin na miƙa, har ina jin kaina wani babban mutum.

Shekara bakwai ya yi yana wasa da sunana. Da farko in an kira shi ba ya waiwayowa, har koci ya kafa doka cewa ko a ɗakin sauya kaya kada wanda ya kuskura ya kira shi da sunan yanka. Kafin a jima ya saba. Duk Mahjar an sani, duk Mahjar an kama baki. Ni kuma ina zaune cikin 'yan kallo, ɗaruruwan mutane na rera sunana suna buga ƙafa, kuma ba zan yi ƙarya ba, daɗi nake ji har cikin ƙashina.

Baba a masallaci ya ji. Wani ne ya karanta a jarida ya zo yana masa barka da ɗansa ya zama tauraro. Ya dawo gida ya kira ni, ya dube ni daga sama har ƙasa, wanda ba tafiya ce mai nisa ba. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Sunan nan ni na yanka rago na raɗa maka shi. In ya dawo da datti, kai za ka sa abinka." Bayan sati biyu na hango shi a can bayan 'yan kallo, ya naɗe carbi a hannu yana tafi.

Ban san yadda zan kwatanta wasan aminina ga wanda bai gani ba. Bahago ne. Ba ya gaggawa. Kowa zai yi tsalle ya sauko, shi yana can sama bai gama yanke shawara ba, sannan ya ajiye ƙwallon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ranar da suka ci kofi, da aka hura tashi, bai je wajen abokan wasansa ba. Ya tsallako ya ciro ni daga cikin jama'a, ya ɗora ni a wuya, ya danƙa mini ƙwallo ya ce, "Yalla gajere, ci naka, ai sunanka ne." Wannan shi ne sau ɗayan da na faɗa muku.

Shekarar da ta biyo baya abin ya faru. Wasan yamma ne, ba ma mai muhimmanci ba. Alƙalin wasa ya hura masa laifi sau uku a jere, biyu daga ciki ko makaho ya san ba laifi ba ne. Aminina ya je ya yi magana. Na ga alƙalin ya matso ya faɗa masa wani abu ƙasa-ƙasa. Sai kawai na ga hannun hagun nan ya tashi. Ƙarar har inda nake na ji ta. Mutumin ya faɗi bai motsa ba, aka fita da shi a kan katifar motsa jiki.

Aka haramta masa wasa har abada, wato aka haramta mini. Jarida ta buga sunana da na Baba da na kakana. A lokacin ina neman aikin gwamnati, ina kuma neman aure. Surukina da na je gaisuwa ya tambaye ni ko ni ne mai dukan mutane, na miƙe tsaye don ya gani, ya yi dariya har da tari. Shi dariya ya yi, ni ban yi ba. Na je na sami aminina na zazzage masa abin da ke cikina. Na ce na ara masa suna fari fat ya jefa mini shi a kwata. Shekara guda ban yi masa magana ba, ga shi bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin tarinsa yana jin nawa.

Sai bayan mun shirya ya faɗa mini abin da alƙalin ya ce. Muna cin wake da burodin tamis da safe a kasuwar Balad, inda ya koma dakon kwalaye a shagunan 'yan kasuwa. Ya ce, "Ce mini ya yi ya san ko ni ɗan waye. Ya san inda Inna take kasa gyaɗa a bakin masallaci. In na ƙara buɗe baki, gobe motar kame za ta tsaya a ƙofarmu." Na ce me ya hana shi faɗa a gaban masu hukunci. Ya ce, "In faɗa da wane suna?"

Motar kamen dai ta zo, amma sai bayan shekaru, kuma ba alƙalin ya turo ta ba. Inna ta riga ta rasu, mun binne ta a nan. Shi kuwa yana ɗauke da kwali a kai aka tare bakin layin. Aka kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki hoton yatsunsa don kada ya dawo, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, yana da shekara arba'in. Kafin in samu labari in isa ɗakinsa mai gidan ya watsar da kayan. Hotuna, rigar wasa, lambar kofin, duk sun bi shara. A Kano suka yi ta dariyar Hausarsa. Ya samu gadi a wata makaranta, ya yi aure a makare, Allah ya ba shi 'ya mace. Ni kuma na samu aikin, na yi auren, na yi tumbi. Kowace Juma'a muna aika wa juna saƙon murya, kullum da "gajere" yake buɗe nasa.

Bara koci ya kira ni. Ya tsufa ƙwarai, muryarsa na rawa. Ya ce kulob ya gina sabon zaure, kuma za a keɓe bango guda don girmama tsofaffin 'yan wasa: hoto babba, riga a cikin gilashi, suna a zane a kan tagulla. Kwamiti ya zauna, kowa an amince da shi ba gardama, sai mutum ɗaya. Rabi sun ce bangon ba shi da ma'ana in babu wanda ya ɗauko kofin. Rabi sun ce wanda ya ɗaga hannu ya doki alƙali ba za a rataye shi yara su riƙa kallo ba. Yawancinsu matasa ne, ba su san zancen kati ba. Dukan kawai suka sani. Koci ya ce musu mutumin ba ya ƙasar, ba shi da lafiya, amma ɗan'uwansa zai wakilce shi. Ɗan'uwan ni ne. Wato an gayyace ni in wakilci kaina.

Na aika wa aminina labarin ina zaton zai yi dariya. Kwana biyu shiru. A na uku saƙo ya shigo, mai tsawo, kuma bai ce gajere ba sai can tsakiya.

Ya ce 'yarsa ta kai sha biyar, tana da waya. Tun tana ƙarama yake ba ta labarin filin Waziriyya da kofi da jama'a masu buga ƙafa. Kwanakin baya ta rubuta sunansa a waya ta nema, da Larabci da boko, ba ta ga komai ba. Ba ta ce masa maƙaryaci ba, yarinya ce mai ladabi. Ta dai daina tambaya. In ya fara labarin sai ta ce, "To, Baba," da irin muryar da ake lallashin mara lafiya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba na son riga, ba na son gilashi. Ka sa su rubuta sunana na gaskiya, ko da ƙarami ne, ko a can ƙasa. Ita kaɗai nake so ta karanta."

Na amsa masa nan take. Na ce, "Halas, ka bar mini wannan." Da bakina na faɗa, kuma har zuciyata nake nufi.

Zancen ya bazu a tsakanin tsofaffin unguwa. A shagon aski a Waziriyya na tarar ana ta musu, raina ya ɓaci na tsoma baki. Wani tela, wanda ko kusa da fili bai taɓa zuwa ba, yana cewa iyawa daban, hali daban, bango na masu hali ne. Na ce to a je a duba halin sauran da aka rataye, ni na san wanda ba ya zuwa atisaye sai an je an tashe shi. Amma da na dawo gida na zauna, na san telan bai yi ƙarya duka ba. Alƙalin nan wata biyu ya yi yana shan abinci ta bututu, kuma bakinsa bai koma daidai ba. Ban taɓa cewa dukan daidai ne ba, ba kuma zan ce ba. Abin da na sani shi ne an hukunta aminina a kansa da duk abin da yake da shi, kuma shekara bakwai ta gumi ba naushi ɗaya ba ce.

Kwamiti ya kawo sharaɗi. In alƙalin ya yafe a rubuce, za su sake ƙuri'a. Yafiya kuma a nan tana da hanyarta: ka je gidan mutum da dattijo a gaba, ka sumbaci kansa, in ya sa aka zuba maka gahawa ka sha, magana ta mutu.

Muka je ni da koci bayan la'asar. Muka tarar da shi a zaune a kan kujera a falo, tsoho tukuf, idanunsa sun yi fari, bakin a karkace. Koci ya gaishe shi ya ce, "Ga wanda na ce zan kawo maka," ya ambaci sunana. Bai yi ƙarya ba, sunana ne. Na matsa na sumbaci kansa. Kafin in ja baya ya kama hannuna, ya shafa tafin, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wannan ba hannun ba ne. Wancan ya rufe mini fuska gaba ɗaya."

Koci ya fara kame-kame, tsohon ya ɗaga masa yatsa. Ya ce, "Kai ne mai katin. Zauna." Na zauna. Ya tambaye ni ina aminina yake, na ce Kano. Ya tambayi mahaifiyarsa, na ce ta daɗe da rasuwa.

Ya ce, "Abin da na faɗa masa ranar nan, da ni aka faɗa wa a kan uwata, da na yi abin da ya fi haka. Da aka tambaye ni wajen hukunci na ce ban ce masa komai ba. Na rantse ma." Ya sa aka kawo gahawa, ya kira jikansa ya rubuta takardar yafiya, ya lalubi wuri ya sa hannu. Da za mu tashi ya ce in faɗa masa sunan aminina na gaskiya. Na faɗa. Ya maimaita sau biyu a hankali. Sannan ya ce, "Ka faɗa musu. Ni na makara, kai ba ka makara ba."

Na fito da ƙarfin gwiwa. A mota koci ya sa direbansa ya fita ya sayo ruwa, ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ka saurare ni. In ka faɗi wannan sunan a zaman kwamiti, dole su rubuta. In sun rubuta, ya tafi sama. Za a soke kofin, don ɗan wasan da ba shi da rajista ne ya ci shi. Mutum goma sha biyu ne a hoton ɗaukar kofin nan, uku sun rasu, 'ya'yansu za su zo buɗe zaure. Kai kuma ma'aikacin gwamnati ne, saura maka shekara biyu ka huta, ga ɗanka yana neman aiki. Ba da katinka ga wani ba wasa ba ne, ko bayan shekara talatin."

Raina ya tashi. Na ce, "Kai ka fara wannan abin, kai ka tambaye ni me katina yake yi a aljihu."

Ya ce, "Ni na fara. Ni kuma ƙafata ɗaya tana kabari, ba abin da za a yi mini. Kai fa?"

Na ce a raina tsoho ne matsoraci, ni ba haka nake ba. Da na koma gida na rubuta sunan aminina a takarda da babban baƙi, nasa da na mahaifinsa, na ninke na sa a aljihun rigar da zan sa.

Ranar Asabar da hantsi aka yi zaman. Mutum tara a kan dogon teburi, da ni a gefe. Aka karanta takardar alƙalin. Aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda. Wani ya ce yafiyar wanda aka daka ba ta goge abin da jama'a suka gani, wani ya ce tun da mai haƙƙi ya sauke su waye su da za su riƙe. Aka ɗaga hannu, biyar da huɗu, ya wuce. Na ji hawaye sun taru mini.

Sai shugaban kwamitin, matashi mai fara'a sa'an ɗana, ya turo mini wata takarda. A sama hoton aminina ne yana sama da ƙwallo a hannun hagu, wanda suka samo a tsohuwar jarida. A ƙasa sunana ne, da na Baba, da na kakana.

Ya kira ni baffa da Larabci ya ce, "Ya ammi, gobe za mu kai wa mai zanen tagulla, in ya zana ba a gyarawa. Akwai abin da iyali suke so a ƙara ko a sauya?"

Hannuna yana cikin aljihu, takardar tana tsakanin yatsuna. Kowa ni yake kallo, ban da koci, shi ya sunkuyar da kai. Na tuna ɗana da fayil ɗinsa. Na tuna ofis, da yadda za a kira ni a rufe ƙofa. Ba zan ce na tuna mutum goma sha biyun nan ba, don ban tuna su ba. Kaina na tuna. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ban taɓa sani ba don tun da aka haife ni da kati a aljihu nake yawo.

Na ce, "Babu."

Aka yi tafi, har da ni.

Wata guda ina ɓoye masa. Na ce an amince, ana aiki, sai an buɗe. Ya yi ta sa mini albarka, kowace albarka kamar ana zuba mini ruwan zafi. Ranar buɗe zaure na je. Hoton ya fi ni tsawo, an gyara shi ya yi fes, har jijiyar wuyansa ana gani. Yara 'yan wasa suna tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto. Ni ma na ɗauka, na yanke ƙasan inda tagullar take, na aika masa.

Amsa ta zo kafin in fita daga harabar. A rubuce, ba murya ba. "Ka yanke ƙasan. Turo duka."

Sai washegari da safe na iya turawa. Na rubuta bayani mai tsawo, zancen kofi da matattu da 'ya'yansu, na karanta na ga duk ƙarya ce mai kama da gaskiya, na goge. Hoton kawai na tura.

Bayan azahar saƙon murya ya shigo. Da alama ya danna tun kafin ya shirya magana, don muryar yarinyar na fara ji, kusa da wayar, cike da murna. "Baba, wallahi kai ne. Kai ne, ga kunnenka." Sai na ji ta koma karanta tagullar, tana haɗa baƙaƙen Larabcin a hankali. Ta ce, "Amma Baba, wannan ai sunan Kawu na Jidda ne."

Ya ce, "Eh, sunansa ne. Je ki ɗebo mini ruwa."

Na ji takunta ya yi nisa. Na ji numfashinsa. Sannan ya ce, "Hoton ya yi kyau. Na gode." Saƙon ya ƙare.

Na so ya zage ni. Na so ya zazzage mini kamar yadda na yi masa shekarar da ya doki alƙali, ya yi shekara bai kula ni ba, in san dai akwai ranar shiryawa. Bai yi ba. Na kira shi na ce ya ba ni yarinyar in faɗa mata komai da bakina. Ya ba ni ita, na faɗa, tun daga filin Waziriyya har teburin kwamiti. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Kawu." Na gane muryar, ita ce wadda ya kwatanta mini.

Kullum in zan tafi aiki sai na wuce ta gaban kulob ɗin, ban sake shiga ba. Takardar tana nan a cikin akwatin da nake ajiye katina. Aminina bai fasa aiko da gaisuwar Juma'a ba, yana tambayar iyali, yana tambayar ƙirjina. Bai ƙara ambatar ƙwallo ba, bai kuma ƙara ce mini gajere ba. Da sunana yake kirana yanzu, cikakke, har da na Baba, kamar mai dawo da kayan aro.